Tambaya da Amsa: Ta Wace Ƙofa Kuɗin Karo-karon Masu Tallafa wa Ilimi Ke Isa Makaranta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni shugabar wata makarantar firamare ce a wani ƙauye a ƙasar Gumel. Shekara uku da suka wuce wata ƙungiya ta kawo mana kwamfutocin hannu guda 20, aka yi taro, aka ɗauki hotuna, aka watse. Yau rabinsu sun mutu, sauran kuwa suna kulle a kabad domin ba mu da wutar yi musu caji. Yanzu kuma ina ji a rediyo wai ƙasashe da ƙungiyoyi sun haɗa kuɗi a asusu ɗaya domin yara su yi karatu ta intanet. Mene ne bambancin wannan da abin da aka yi mana, kuma yaya makaranta irin tamu za ta amfana? Daga wata malama a Jihar Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da ya faru a makarantarku ba baƙo ba ne, domin tun a 2007 aka gwada raba wa yara ƙananan kwamfutoci a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja, ƙarƙashin shirin One Laptop per Child, wato kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wanda ya yi suna da alƙawarin kwamfuta ta dala 100. Ƙasar Peru ce ta fi kowa rungumar shirin, ta sayi dubban ɗaruruwa ta raba a ƙauyuka, amma binciken da aka fitar a 2012 ya nuna cewa sakamakon yaran a lissafi da karatu bai ƙaru ba. Mai bayar da kyauta shi kaɗai yakan sayi abin da ido ke gani ne, wanda za a iya ɗauka a hoto. Wutar caji da gyara da horar da malamai da kuɗin data kuwa ɗawainiya ce ta kowane wata, kuma ba kasafai ake samun mai son ɗaukarta ba.

Wannan giɓin ne asusun haɗin gwiwa ya kamata ya cike. Tsarinsa bai bambanta da karo-karon da kika sani ba: kowa ya zuba abin da zai iya a wuri ɗaya, a tsayar da amintattu, a kashe kuɗin bisa tsari guda wanda aka amince da shi tun farko. Mafi girma a fagen ilimi shi ne asusun GPE, wato haɗin gwiwar duniya domin tallafa wa ilimi, wanda aka kafa a 2002 ƙarƙashin inuwar Bankin Duniya, kuma a taron da Birtaniya da Kenya suka jagoranta a Landan a watan Yulin 2021 an yi masa alƙawarin dala biliyan 4. Amfanin haɗa kuɗin shi ne ma'aikatar ilimi ba za ta riƙa rubuta rahoto goma ga masu tallafi goma ba, kuma idan ƙasa ɗaya ta janye hannunta aikin ba ya rushewa a dare ɗaya. Sai dai yana da nasa aibin, wanda ba zan ɓoye miki ba. Kuɗin suna tafiya a hankali, suna bin ofis-ofis, kuma ba a miƙa su ga makaranta kai tsaye. Ana ba gwamnati ne bisa tsarin ilimin da ta gabatar, sannan wata hukuma kamar UNICEF ko Bankin Duniya ta sa ido a kan yadda ake kashewa. Saboda haka duk wanda ya zo miki da fom yana neman kuɗin rajista da sunan zai sa makarantarku cikin asusun, ki san ɗan damfara ne.

Abin da irin wannan haɗin gwiwa ya haifar wanda za ki iya taɓawa yau shi ne manhajar Nigeria Learning Passport, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a watan Maris na 2022 da tallafin GPE da fasahar kamfanin Microsoft, bayan darasin da rufe makarantu na lokacin korona a 2020 ya koya wa kowa. Darussanta sun bi manhajar karatun ƙasa, akwai na Hausa a ciki, kuma rajista kyauta ce. Kamfanin Airtel, wanda a 2021 ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 57 da UNICEF domin ƙasashen Afirka 13, ya buɗe wa masu layinsa shiga shafin ba tare da an cire musu data ba. Akwai kuma shirin Giga, wanda UNICEF da hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fara a 2019, kuma Jamhuriyar Nijar na cikin ƙasashen da ya fara aiki a cikinsu. Aikinsa na farko shi ne sanya kowace makaranta a taswira, a san inda take da ko sabis na kai mata.

Batun taswirar nan shi ne amsar tambayarki ta biyu. Masu raba kayan tallafi suna duba alƙaluman ƙidayar makarantu ta shekara-shekara ne, don haka makarantar da bayananta ba su cika ba kusan ba ta nan a idonsu. Ki tabbata yawan ɗalibanku da malamai da azuzuwa da halin wuta duk sun shiga daidai. Sannan ke da shugaban kwamitin kula da makaranta ku rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ya miƙa wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. A ganina, kada ku nemi ƙarin kwamfutoci. Ku nemi farantin sola da batir da horar da malamai biyu, domin wannan buƙata ce ƙarama, mai sauƙin amincewa, kuma ita ce za ta farfaɗo da abin da ke hannunku. Idan tsofaffin ɗalibai da 'yan garin da ke aiki a Kano ko Dutse za su yi nasu karo-karon, a nan ya kamata su zuba shi. Ko babu sabis a garin ma, akwai manhajar Kolibri, wadda kyauta ce, ana loda mata darussa sau ɗaya a birni sannan a yi ta amfani da ita ba tare da intanet ba.

Kafin duk wannan, Malama, ki buɗe kabad ɗin nan a wannan makon. Batirin da ya daɗe ba a yi masa caji ba yakan lalace, wani ma ya kumbura ya tura gilashin waje, musamman a zafin bazara. Ki kai kwamfutocin wurin mai cajin waya ranar kasuwa, ki ware masu tashi da matattu, ki rubuta lambar kowace da halin da take ciki, sannan ki haɗa wannan jerin da takardar da za ku kai wa sakataren ilimi.