Zan ajiye aikin banki in koma Zariya taimakon manoman tumatir: wace rajista ta dace da ni?

Tambaya:

Assalamu alaikum Barista. Shekarata 43, na yi shekara 14 ina aiki a wani banki, yanzu ni manajan sashe ne a Legas, iyalina kuma suna Zariya. Tun ina yaro nake ganin yadda tumatir ke ruɓewa a fadamun Galma da wajen Hunkuyi idan kakarsa ta yi, kwando ya faɗi warwas, bayan 'yan watanni kuma ya gagari talaka. Na yanke shawarar ajiye aiki in dawo gida in kafa wurin busar da tumatir da tattasai da hasken rana, in riƙa saye a hannun ƙananan manoma da farashin mutunci, in ɗauki mata aikin yanka da ƙullawa, musamman waɗanda mazansu suka rasu. Ba neman arziki nake ba, amma dole in ciyar da iyalina. Abokaina sun ce in yi rajistar ƙungiyar agaji don in samu tallafi daga waje. Ina da fili a hanyar Shika da nake so in ba ƙungiyar. Akwai kuma bashin gida da banki ya ba ni a matsayina na ma'aikaci. Me doka ta ce?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka da alheri kan wannan niyya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar Zariya zuwa Kano a watan Fabrairu ya ga kwandunan da aka jere ba mai saye, ya san abin da kake faɗi. Saboda ina son abin ya ɗore ne zan ce maka kada ka bi shawarar abokanka tukuna, kuma kada ka taɓa takardun filin nan.

Bari mu fara da fita daga inda kake, don ba a fafe gora ranar tafiya. Mutane da yawa suna dogara da sashe na 11 na Dokar Ƙwadago, wanda ya ce wanda ya shekara biyar ko fiye yana aiki notis ɗin wata ɗaya ya ishe shi. Wannan sashe bai shafe ka ba. Sashe na 91 na dokar ya cire masu riƙe da muƙaman gudanarwa da ƙwararru daga ma'anar "ma'aikaci", don haka abin da ke ɗaure da kai shi ne takardar ɗaukarka aiki da littafin ƙa'idojin ma'aikata na bankin. Idan sun ce wata uku, to wata uku ne, ko ka biya albashin wata ukun a madadinsa. Ka ba da notis a rubuce, ka karɓi shaidar an karɓa, ka miƙa aiki a rubuce, ka fita da takardar sallama. Rigimar da ta taso kan wannan, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraronta, kuma tana da reshe a Kaduna, amma fatana kada ka san ƙofarta.

Bashin gidan ya fi notis muhimmanci. Irin wannan bashi ana bayar da shi da rangwame ne saboda kana ma'aikaci, kuma galibin yarjejeniyoyinsa suna cewa ranar da ka bar aiki ko dai a nemi ragowar gaba ɗaya, ko a mayar da shi kan kuɗin ruwan kasuwa, ko a cire shi daga haƙƙoƙinka na sallama. Na ga mutanen da suka yi lissafin jari da kuɗin sallamarsu, ranar biya suka tarar bashi ya lashe shi. Ka nemi lissafin ragowar a rubuce, ka daidaita da su yadda za ka biya tun kana ciki, lokacin da maganarka take da nauyi. Haka idan banki ya taɓa tura ka kwas ka sa hannu cewa za ka yi musu wasu shekaru, duba ko wa'adin ya cika. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Batun fansho kuwa, Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta yarda wanda ya bar aiki kafin shekara 50 ya ciri abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na asusunsa ba, idan ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, da amincewar hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom. Sauran sai ka kai 50. Haƙƙinka ne, amma ni ba zan so ka zuba shi a injin busar da tumatir ba. Ka kuma tuna inshorar rai da dokar ta wajabta wa mai ɗaukar aiki, wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, tana tsayawa ranar da ka fita, haka ma inshorar lafiyar iyali. Mai 'ya'ya ba ya wasa da wannan.

Idan takardarka tana da sharaɗin hana ka yin aiki irin na banki bayan ka tafi, kada ya dame ka sosai. Kotuna ba sa aiwatar da irinsa sai ya kasance daidai hankali, dokar gasar kasuwanci ta 2018 ma ta ƙayyade shi kada ya wuce shekara biyu, kuma busar da tumatir ba gasa ba ce da banki. Abin da zai iya jawo maka ƙara shi ne fita da jerin sunaye da lambobin kwastomomi don neman masu zuba jari. Wannan ya saɓa wa amanar aiki, ya kuma saɓa wa dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Ka bar musu kayansu.

To, yanzu ga ainihin tambayar. Dokar Najeriya ba ta da wata rajista ta musamman don kasuwancin da manufarsa taimakon al'umma ce. Birtaniya ta ƙirƙiri irinta tun 2005, mu ba mu da ita. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda ake kira CAMA, ta ba ka riguna ne da aka ɗinka don wasu, sai ka zaɓi wadda ba za ta shaƙe ka ba.

Abin da abokanka suke nufi shi ne rajistar amintattu, irin wadda masallatai da gidauniyoyi da ƙungiyoyin unguwa suke yi a hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Ana buƙatar amintattu biyu ko fiye, a buga sanarwa a jaridu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Wannan mai sauƙi ne. Abin da ba a gaya wa mutane shi ne sashe na 838. Ya ce duk kuɗi da dukiyar ƙungiya na manufarta ne kaɗai, ba a raba ko kwabo a matsayin riba. Ya kuma hana ɗan majalisar gudanarwa riƙe muƙami mai albashi a ƙungiyar, in ban da wanda ya shiga majalisar ta dalilin muƙaminsa. Wato ba za ka zauna a kujerar mai mulki ka kuma yanka wa kanka albashi ba. Idan kana son albashi, sai ka zama ma'aikacin ƙungiyar a ƙarƙashin wasu mutane da suke da ikon sallamarka daga abin da ka kafa da guminka. Sashe na 839 kuma ya ba da damar dakatar da amintattu a naɗa masu riƙo idan an samu almundahana ko rashin iya gudanarwa.

Nan ne maganar filinka ta shigo, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ranar da ka mayar da filin nan da sunan ƙungiya, ya fita daga dukiyarka. Ba za ka sayar ba, ba za ka jinginar ba don buƙatar kanka, ba ya cikin gadon 'ya'yanka. Ko ƙungiyar ta rushe, doka ta ce abin da ya rage a miƙa wa wata ƙungiya mai manufa irin tata, ba ya komawa hannun wanda ya bayar. Idan niyyarka wakafi ce, ka yi ta da sani, ka zauna da malami da iyalinka, Allah ya karɓa. Amma kada ka yi wakafi bisa kuskure kana zaton cike fom kake yi. Na sha ganin magada sun zo ofis da takardun fili bayan rasuwar mahaifinsu, suna zaton nasu ne, sai in rasa bakin da zan gaya musu. Mafita tana nan a cikin sashen na 838 kansa, domin ya halatta a biya ka kuɗin haya daidai misali. Ka bar filin da sunanka, ka ba da shi haya a rubuce. Duk wani sauyin mallaka kuma sai da amincewar gwamna a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, ta hannun KADGIS, hukumar kula da takardun filaye ta Jihar Kaduna.

Akwai riga ta biyu, kamfanin da ba shi da hannun jari sai lamunin mambobi. Shi yana iya kasuwanci, masu ba da tallafi suna ganin girmansa, amma shi ma ba a raba ribarsa, dukiyarsa ba ta komawa gare ka, kuma rajistarsa tana bi ta ofishin Antoni Janar na Tarayya. Rajistar sunan kasuwanci kuwa, wadda ta fi arha, ban ba ka shawararta ba, domin ba ta raba ka da sana'ar. Idan manoma suka biyo bashi, gidanka ake nufa.

Shawarata ita ce ka buɗe kamfani mai hannun jari, mai zaman kansa. Abin da ka bayyana saye ne da sarrafawa da sayarwa, wato kasuwanci ne, alherinsa yana cikin yadda za a yi shi. Tun 2020 mutum ɗaya na iya kafa irin wannan kamfani, mafi ƙarancin hannun jarin da za a fitar naira 100,000 ne. Za ka ci albashi a matsayin darakta, bashin kamfani bai wuce kan kamfani ba matuƙar ba ka tsaya masa da kanka ba, hannun jarinka kuma dukiya ce da ake gada. Niyyarka ta alheri sai a rubuta ta a kundin kamfanin: fifita ƙananan manoma, kason ribar da za a mayar cikin aikin, yadda za a ɗauki matan. Sauya wannan kundi yana buƙatar kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa, saboda haka duk yadda masu zuba jari suka shigo, kada rabonka ya sauka zuwa kashi 25. Muddin ka haura haka, ba mai canza manufar ba tare da kai ba. Idan 'yan'uwa za su sa kuɗi bisa mudaraba ko musharaka, a rubuta wa ya kawo me, yadda za a raba riba, da wanda asara za ta hau. Kuma kamfani mai zaman kansa ba ya tallan hannun jari ga jama'a, kada ka hau Facebook kana kiran mutane su zuba kuɗi.

Wasu suna gudu zuwa ƙungiya ne don tsoron haraji. Yafewar harajin da ake yi wa ƙungiyoyin agaji ba ta shafi ribar da suka samu daga ciniki ba, kuma sababbin dokokin haraji da suka fara aiki a Janairun 2026 sun yi wa ƙananan kamfanoni sauƙi. Harajin albashin ma'aikata kuwa, ko wace riga ka sa, sai ka cire ka kai wa KADIRS, hukumar tattara haraji ta Jihar Kaduna. Tallafin waje shi ma ba takardar rajista ce ke kawo shi ba, aikin da aka gani a ƙasa ne da lissafi mai tsabta. Idan bayan kaka biyu ko uku ka ga buƙatar horar da matan kyauta ko ɗaukar nauyin karatun marayunsu, sai ka buɗe gidauniya a gefe, da amintattunta da asusunta daban, ka nemi takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram, wadda bankuna suke tambaya, kada kuɗin nan ya taɓa gauraya da na can. Manoman kuma ka taimaka musu su yi tasu ƙungiyar gama-kai a jiha, kamfaninka ya ƙulla yarjejeniyar saye da ita.

Abu biyu kada ka manta. Da zarar ka ƙulla kauda a leda da suna a jiki don sayarwa, sai da lambar NAFDAC, kuma za su zo su duba wurin, don haka ka san ƙa'idarsu kafin ka ɗora bulo. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta jami'ar Ahmadu Bello nan a Samaru, ka je ka nemi shawararsu kan busarwa. Na biyu, matan nan. Dokar Ƙwadagon da ba ta shafe ka ba, su ta shafe su: takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da farawa, da biya a kan lokaci. Wata doka daban kuma ta wajabta rajistar diyyar rauni a NSITF, hukumar da ke biyan diyya ga wanda ya ji rauni a wurin aiki, ga shi da wuƙa za su yini. Kada sunan taimako ya sa a biya su ƙasa da haƙƙinsu.

Kafin ka rubuta takardar ajiye aiki, ɗauki takardu uku ka kai wa lauyan da ka amince da shi ya karanta layi-layi: takardar ɗaukarka aiki tare da littafin ƙa'idoji, yarjejeniyar bashin gidan, da takardun filin hanyar Shika. Rajistar kamfanin kuma ka jinkirta ta har sai ka duba ko ƙa'idar bankinka ta yarda ma'aikaci ya zama daraktan wani kamfani. Idan ba ta yarda ba, sai bayan ranarka ta ƙarshe a ofis.