Tambayoyinku: Me Ake Saurara A Muhawarar 'Yan Takarar Shugaban Ƙasa?

Saƙonnin da suka shigo a wannan karon galibinsu kan muhawarar masu neman shugabancin ƙasa ne. Mun zaɓi biyar da suka fi maimaituwa, mun taƙaita su yadda fili zai ɗauka.

Assalamu alaikum Malam. Duk kakar zaɓe sai a ce an shirya muhawara, mu raba dare a gaban talabijin, daga ƙarshe manyan 'yan takarar su ƙi zuwa. Babu dokar da ta tilasta musu ne? (Wani tela daga Tudun Wada)

Wa alaikumus salam, Malam. Babu. Sashe na 131 na kundin tsarin mulkin 1999 sharuɗɗa huɗu ya gindaya wa mai neman kujerar: ya zama haifaffen ɗan Najeriya, ya kai shekara 35 (da 40 ce, aka rage a 2018), ya zama ɗan wata jam'iyya kuma ita ta tsayar da shi, sannan ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare ko makamancinsa. Muhawara ba ta ciki. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ita ma ba ta wajabta ba. An kai ƙudirin tilastawa Majalisar Tarayya, amma har zaɓen ya zo ya wuce bai zama doka ba. Kuma INEC ba ita ke shiryawa ba. Masu shiryawa su ne ƙungiyar muhawarar zaɓe ta NEDG da ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta BON, sai tashoshi masu zaman kansu, kuma iyakar abin da ke hannunsu takardar gayyata.

A 1993 Abiola na SDP da Bashir Tofa na NRC sun fuskanci juna a NTA kafin zaɓen 12 ga Yuni, kuma dattawa har gobe suna maganarta. Bayan nan abin ya koma wasan ɓuya. A Maris na 2011 tashar NN24 ta haɗa Buhari da Ribadu da Shekarau, Kadaria Ahmed na jagoranta, Jonathan bai je ba. Da BON ta shirya tata, su ukun suka rama, ya tsaya shi kaɗai a kan dandali. A 2015 Buhari ne ya ƙi. Ranar 19 ga Janairun 2019 Buhari bai je ba, Atiku ya isa otal ɗin a Abuja amma ya ce ba zai hau ba tunda shugaba mai ci ba ya nan, aka bar Oby Ezekwesili da Kingsley Moghalu da Fela Durotoye. A Nuwamban 2022 tashar Arise ta yi nata zaman, Obi da Kwankwaso suka halarta, Atiku ya tura mataimakinsa Okowa, Tinubu bai je ba.

Ka lura da abin da ke damunmu a wannan jeri: a duk zaɓukan huɗu, wanda aka ayyana ya ci yana cikin waɗanda suka kauce wa haɗuwa da abokan hamayyarsu. 'Yan siyasa sun karanci wannan sarai. Wanda yake ganin yana gaba ba ya son tsayawa inda za a kama shi da katoɓara, kuma ya ga masu zaɓe ba su taɓa hukunta kowa a kan ƙin zuwa ba. Hukuncin yana hannunku. Idan wakilan ɗan takara suka zo unguwa neman ƙuri'a, ku tambaye su dalilin da ya hana gwaninsu zuwa.

Malam, ni ina kallo daga farko har ƙarshe, amma kowa ya yi magana sai in ji kamar shi ne mai gaskiya. Ta yaya zan bambance mai tsari da mai daɗin baki? (Wata malamar firamare daga Kawo)

Malama, ki ajiye takarda da biro a gefe, domin kunne kaɗai ba zai riƙe ba. Duk alkawarin da kika ji, ki fara tambaya: wannan a hurumin shugaban ƙasa yake? Nan ne aka fi cutar masu saurare. Soja, 'yan sanda, kwastam, darajar naira da harkar man fetur na tarayya ne. Amma fili yana hannun gwamna tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Makarantar firamare da kike koyarwa da asibitin sha-ka-tafi na unguwarku aikin jiha da ƙaramar hukuma ne. Wanda ya ce zai gyara kowace firamare a ƙasar nan, sai ya faɗi yadda zai bi da gwamnoni 36, tunda kuɗin tallafin UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, ma ba ya fita sai jiha ta ajiye nata kason. Wanda ya ce zai kafa 'yan sandan jihohi, ki jira ki ji ko zai ambaci gyaran kundin tsarin mulki, domin gyaran yana buƙatar kashi biyu bisa uku na majalisun tarayya biyu da amincewar majalisun jihohi 24. In bai ambata ba, ko bai sani ba ko yana fatan ke ba ki sani ba.

Sai kuɗi. Daga ina zai fito? Hanyoyin ba su da yawa: ƙarin haraji, cin bashi, sayar da kadarar gwamnati, ko yanke wani kashe-kuɗi. Kasafin 2023 naira tiriliyan 21.83 ne, kuma biyan bashi da albashi sun cinye kaso mafi tsoka kafin a zo ga ayyuka. Amsar da aka fi ji ita ce “za mu toshe ɓaraka”. Wannan ba amsa ba ce sai an faɗi wace ɓaraka, a wace hukuma, kuma nawa ake sa ran samu.

Misalin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne tallafin mai. Kafin zaɓen 2023 Tinubu da Atiku da Obi duk sun ce za su cire shi, sun faɗa a fili. Inda aka yi sakaci shi ne ba a matsa musu da tambayar da ke biye ba: a rana ɗaya ko sannu a hankali? Me za a tanada wa mai keke napep da ma'aikaci kafin a cire? Ina kuɗin da aka tara zai tafi? Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cirewar a jawabin rantsuwa, cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 500. Maganar tana cikin yaƙin neman zaɓe tun farko, mu ne ba mu tsaya mun yi mata filla-filla ba.

Ki kuma nemi wa'adi. Mu a Kaduna muna da ma'auni a ƙofar gida. Matatar mai da aka buɗe a 1980, mai ƙarfin tace ganga 110,000 a rana, masaƙun Kakuri da suka rufe ɗaya bayan ɗaya, bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar a 2020, da titin Abuja zuwa Kano: kowane ɗan takara zai ce zai farfaɗo ko zai kammala. Mai tsari zai faɗi abin da ya durƙusar da masaƙun, wato tsadar wuta da man injuna, ƙarancin auduga mai kyau da atamfar fasa-ƙwauri, sannan ya ce wanne zai fara taɓawa da kuma a wace shekara. Mai daɗin baki zai tsaya a kirarin Sardauna.

Na ƙarshe, yawancinsu sun taɓa riƙe jiha ko ma'aikata. Ki auna abin da yake faɗa yau da abin da ya yi lokacin da alƙalami yake hannunsa: albashi, fansho, bashin da ya bari. Kuma in an yi masa tambaya ya kauce, mai gabatarwa ya maimaita ya sake kaucewa, ki rubuta “bai amsa ba” a gaban sunansa. Da safe ki ƙirga.

Ranka ya daɗe, zaman da aka yi da 'yan takara a Gidan Arewa kafin zaɓen 2023, shi ma muhawara ce? Kuma me ya sa ba sa fitowa ɓaro-ɓaro su ce ga abin da za su yi wa Arewa? (Wani ɗan kasuwa daga Kasuwar Barci)

Alhaji, wancan zaman ganawa ne. A Oktoban 2022 kwamitin haɗin gwiwar ƙungiyoyin Arewa, ciki har da Ƙungiyar Tuntuɓa ta Arewa (ACF) da Ƙungiyar Dattawan Arewa da Gidauniyar Tunawa da Sardauna, ya gayyace su ɗaya bayan ɗaya. Atiku da Tinubu da Obi sun zo, Kwankwaso ya ƙi, bisa zargin cewa an riga an tsara wanda za a mara wa baya. A irin wannan zama ɗan takara yana samun lokaci mai tsawo ya baje kolinsa, wannan alheri ne. Abin da ya rasa shi ne abokin hamayya da zai ce masa “ba haka ba ne” nan take.

Game da kaffa-kaffa da suke yi, lissafi ne. Sashe na 134 ya ce kafin a ci sai an fi kowa yawan ƙuri'a, kuma an samu aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi. Maganar da za ta jawo tafi a Kaduna ana jinta a Fatakwal cikin minti biyar. Ko a cikin jihar nan kunnuwan ba ɗaya ba ne: a 2023 Atiku ya samu ƙuri'a 554,360, Tinubu 399,293, Obi 294,494, Kwankwaso 92,969. Ni a ganina ma gara haka. Wanda ya faɗi abu ɗaya a Gidan Arewa ya faɗi kishiyarsa a Enugu ko Ibadan, shi ne abin tsoro, kuma yanzu da waya a hannu ana iya haɗa jawaban biyu a gwada.

Ana turo mana guntayen bidiyon muhawara a WhatsApp, wani lokaci da fassarar Hausa a kai. Mu yarda da su? (Wata uwargida daga Rigasa)

Hajiya, kada ki yanke hukunci da bidiyon daƙiƙa 30. Dabarar da aka fi yi ita ce yanke tambayar, ko yanke “amma” da abin da ya biyo bayanta, ko ɗauko tsohon bidiyo a ce na jiya ne. Ki nemi cikakken shirin a shafin tashar da ta shirya a YouTube ko Facebook, ki koma minti biyu kafin wurin da aka yanko, ki wuce minti biyu bayansa. In an ɗora murya da Hausa, ki duba ko wata kafa da kika sani ce ta fassara; in babu suna babu tambari, kada ki tura wa kowa. Gaskiya ana tauye masu jin Hausa zalla a nan, tunda muhawarar shugaban ƙasa da Turanci ake yi. BBC Hausa ta nuna ana iyawa da ta shirya ta 'yan takarar gwamna da Hausa a wasu jihohin Arewa, kuma babu abin da zai hana gidajen rediyon Kaduna su fassara ta shugaban ƙasa gaba ɗayanta washegari, ba tsakure ba.

Ƙungiyarmu ta matasa tana son shirya muhawara tsakanin wakilan 'yan takarar shugaban ƙasa a unguwa. Ta ina za mu fara, kuma me za mu kiyaye? (Sakataren wata ƙungiyar matasa, Unguwar Rimi)

Allah Ya yi muku albarka, samari. Ku fara da wuri. Dokar 2022 ta buɗe yaƙin neman zaɓe kwana 150 kafin ranar ƙuri'a ta rufe shi saura awa 24, don haka ku duba jadawalin INEC na wannan kakar kafin ku sa rana. Dokar ta hana amfani da masallaci, coci, ofishin 'yan sanda da ofisoshin gwamnati wajen tallata ɗan takara ko sukarsa. Ku kama zaure mai ƙofar da za a iya tsarewa, ku kai wa DPO takarda aƙalla mako guda kafin ranar, ku sanar da mai unguwa da hakimi.

Gayyata ta tafi a rubuce zuwa ofishin kowace jam'iyya na jiha, rana ɗaya, lafazi ɗaya, a sa muku hannu a kwafi. Ku rubuta ma'aunin da kuka bi wajen zaɓar waɗanda za a gayyata, domin a 2023 'yan takara 18 ne, a 2019 kuwa 73, ba za su shiga dandali ɗaya ba. Huɗu ko biyar sun isa. Ku ɗauki batutuwa uku kacal, misali tsaro, tsadar rayuwa da aikin yi, cikin minti 90. Kowa minti 2 na amsa, minti 1 na martani, a jefa ƙuri'a a gaban kowa don sanin wanda zai fara. Mai kula da lokaci daban, mai gabatarwa daban, kuma mai gabatarwar ya zama wanda ba a san shi da hular kowace jam'iyya ba, a ba shi ikon maimaita tambaya sau ɗaya in an kauce.

Abubuwan da ke ɓata irin wannan taro sanannu ne. Jam'iyya ɗaya ta cika zaure da magoya baya tun kafin sauran su iso. Maganinsa katin shiga, adadi ɗaya ga kowace jam'iyya, sauran kujeru na mutanen unguwa, a ware wa mata layukansu a gaba. Miƙa makirfo ga jama'a yana mayar da tambaya wa'azi ko zagi, don haka a karɓi tambayoyi a takarda, mutum uku su tace. Kada ku karɓi kuɗin zaure ko na janareta daga ɗan siyasa ko na kusa da shi, ko da ya ce kyauta ce, ku yi karo-karo. A bar tuta da ganga da fosta a waje. Ku sanar tun farko cewa wanda ya taɓa addini ko ƙabilar wani za a kashe masa makirfo, kuma ku aikata a karon farko da aka gwada ku. Kaduna ta ga rikicin da ya biyo bayan zaɓen Afrilun 2011, babu mai buƙatar a tuna masa.

In wata jam'iyya ba ta turo kowa ba, ku bar kujerarta da sunanta a kai, ku karanta takardar gayyatar da ranar da aka karɓa, ku ci gaba. Ku naɗi taron gaba ɗaya ku sa a shafinku ba tare da yanka ba, kuma ƙungiya kada ta ayyana wanda ya yi nasara.