Tambaya da Amsa: Fim ɗin Sarauniya

Tambaya: Malam, a nan Tawa dattawa suna yawan yabon fim ɗin Sarauniya. Me ya ɗaukaka shi?

Amsa: Ɗan'uwa, Med Hondo, wani mai shirya fina-finai, ne ya fitar da shi a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani, kuma ya lashe babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, wato FESPACO, a 1987. Ya nuna yadda Sarauniya Mangu ta garin Lugu a ƙasar Nijar ta tari rundunar hafsoshin sojan Faransa Voulet da Chanoine da kwari da baka a 1899, rundunar da ta ƙone garuruwa ta karkashe jama'a, domin ba ta ɗauki ran baƙar fata a bakin komai ba. Abin da ke sosa mini rai shi ne, a Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, alhali tarihin namu ne.