Tambaya da Amsa: Lambar Yabo Bayan Mutuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu soja ne, ya yi aiki a barikin Giginya kafin ya rasu a bakin daga. Na ji labarin wani sojan Amurka da ya kwanta a kan gurneti a Iraƙi, aka karrama shi bayan mutuwarsa. Shin gaskiya ne? Kuma mene ne amfanin karrama wanda ƙasa ta riga ta rufe wa ido? Daga wata mai karatu a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya sa ya huta. Labarin gaskiya ne. Sunansa Kofur Jason Dunham, na rundunar sojojin kundumbala masu kai farmaki daga teku zuwa tudu. Ranar 14 ga Afrilu, 2004, suna binciken motoci kusa da garin Husaiba da ke iyakar Iraƙi da Siriya, sai wani mutum ya fito ya yi kukan kura a kansa, suna cikin kokawa ya saki gurneti. Dunham ya kifa hular kwanonsa a kai, ya danne ta da jikinsa, abin ya tashi. Abokan aikinsa biyu da ke kusa sun ji rauni amma sun rayu, shi kuwa ya cika bayan kwana takwas a asibitin sojan ruwa na Bethesda, yana da shekara 22. A watan Janairun 2007 Shugaba George W. Bush ya miƙa wa iyayensa lambar bajinta mafi girma a Amurka, daga baya aka sa wa wani jirgin ruwan yaƙi sunansa.

Yawancinmu ba mu goyi bayan mamaye Iraƙi ba, har yau kuwa jinin bayin Allah da aka zubar a can yana ci mana rai, amma wannan ba zai hana mu shaida cewa saurayin ya fanshi ran wasu da nasa ba.

Game da amfani kuwa, 'yata, mamaci addu'a yake buƙata, lamba ta masu rai ce: ita ce shaidar da hukuma ke bayarwa a gaban jama'a cewa ran bai tafi a banza ba, kuma da bashin iyalinsa a wuyanta. Shi ya sa na yaba da abin da aka yi a watan Maris na 2024, lokacin da aka binne sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta Jihar Delta, inda Shugaba Tinubu ya ba su lambobin ƙasa, ya kuma yi wa iyalansu alkawarin gidaje da ɗaukar nauyin karatun 'ya'yansu. Irin wannan kulawar nake roƙon a yi wa iyalan ƙananan sojojin da suke faɗuwa a dazuzzukan Isa da Sabon Birni.