Hasashen Yanayin Gaɓar Arewacin Norway da Kuɗin Mai Sarin Busasshen Kifi

Wani ɗan kasuwa da ke sayar da busasshen kifin Norway a kasuwar Sabon Gari ta Kano, wato kifin da Inyamurai ke kira okporoko, Yarabawa kuma panla, ya aiko da tambaya. Mutumin da yake saro masa kaya a Legas ya turo masa hasashen yanayi da ke nuna cewa ƙarshen watan Mayu zai zo da ɗumi da ruwan sama a gaɓar tekun arewacin Norway, ya ce kifin bana zai lalace, farashi zai tashi, saboda haka ya gaggauta biyan rabin kuɗin dila ɗari a matsayin kafin alƙalami. Yana so ya sani ko ya ci bashi ya biya.

Alhaji, shawarata ita ce kada ka ci bashi a kan wannan hasashe, ko da yake abokin cinikinka bai yi ƙarya ba da ya ce yanayin wannan lokaci yana shafar kifin.

Mafi yawan wannan kifi ana shanya shi ne a tsibiran Lofoten, can arewa mai nisa, inda daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa ko da tsakar dare. Daga Janairu zuwa Afrilu kifin kod yana gangarowa daga tekun Barents domin ya yi ƙwai, masunta su kama shi, a cire kai da kayan ciki, a ɗaure biyu-biyu ta wutsiya, a rataye su a kan manyan sigogin katako a fili, ba gishiri, ba hayaƙi. Iska da sanyi kaɗai ke aikin, har kifin ya rasa kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinsa. Abin da masu shanya suke so shi ne sanyi kaɗan sama da sifiri da iska mai kaɗawa ba tare da ruwa mai yawa ba. Idan sanyi ya yi tsanani tun kifin yana ɗanye, ƙanƙara takan fasa tsokarsa. Idan kuma ɗumi ya zo da wuri, ƙudaje sukan yi ƙwai a cikinsa, tsutsa ta shiga, ko ya yi tsami daga ciki. Amma ka lura da lissafin kwanaki: kifin da aka rataye a Fabrairu da Maris ya riga ya yi tauri kafin ƙarshen Mayu, don haka ɗumin wannan lokaci ya fi yin barazana ga wanda aka shanya a makare, cikin Afrilu.

Shi kansa hasashen yana da iyaka. Hukumar kula da yanayi ta Norway tana wallafa nata kyauta a shafin Yr, kuma kana iya duba yanayin Svolvær ko Røst, wurare biyu a Lofoten, a wayarka kafin ka yarda da hoton da wani ya turo maka. Abin da aka faɗa game da kwana uku ko biyar masu zuwa yakan zo daidai, amma da zarar an wuce kwana goma magana ta koma ta yiwuwa kawai, wato ana ganin watan zai fi yadda aka saba ɗumi ko ruwa, ba a san ranar ba, ba a san tsibirin ba. A gaɓar da guguwar teku ke sauya sama sau da yawa a yini guda, wannan bai isa mutum ya jingina jarinsa a kai ba.

Akwai kuma abin da mai yiwuwa ba a gaya maka ba. Bayan an sauke kifi a watan Yuni, yakan ƙara wata biyu zuwa uku a rumbu yana ƙarasa bushewa, sannan ƙwararrun masu tantancewa su ɗauki kowane kifi a hannu, su duba fatarsa, su shinshina, su ware shi daraja-daraja. Mafi kyau yakan tafi Italiya, wadda ita ce ke biyan farashi mafi tsada, kawuna da ƙananan daraja kuma su nufo Najeriya. Ma'anar wannan ita ce shekarar da yanayi ya ɓata kifi, wani kaso na wanda aka yi niyyar kai wa Italiya yakan faɗo cikin rukunin da ake turo mana, kaya su ƙaru a kasuwarmu maimakon su ragu, sai dai ingancinsu ya yi ƙasa. Kuma duk dilar da ke ajiye a Legas a yau, ruwan Mayun bana bai taɓa ta ba, domin ta bara ce.

Abubuwan da suka fi motsa farashinka guda biyu ne, kuma babu wanda ya shafi gajimare. Na farko shi ne adadin kod da aka yarda a kama a tekun Barents, wanda Norway da Rasha suke tsayarwa tare kowace shekara: ya sauko daga sama da tan 885,000 a 2021 zuwa tan 340,000 a 2025. Wannan ragi shi ne dalili na gaskiya da zai sa ka yi tsammanin tsada. Na biyu shi ne darajar naira, domin da kuɗin waje ake sayen kifin, kuma tun da aka saki farashin canji a Yunin 2023 kowane mai shigo da kaya ya ga yadda ribar wata uku ke narkewa cikin mako guda.

Yanzu ka auna abin da ake nema a wurinka. Idan ka biya a Mayu, kifin bana ba zai bar Norway ba sai wajen Satumba, sannan ga makonnin jirgin ruwa da jiran fitarwa a tashar jiragen ruwa ta Apapa da hanyar mota zuwa Kano. Kuɗinka zai kwanta wata biyar ko fiye ba ya juyawa, alhali mai bashi yana ƙirga kwanaki.

Idan kana son ka riƙe wurinka saboda cinikin Disamba, lokacin da masu gidajen abinci da masu shirin Kirsimeti suke rububin kifin, to ka yi da kuɗinka na kanka, kuma kada ya wuce abin da shagonka zai iya jure rashinsa, misali dila ashirin maimakon ɗari. Ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a bayyana nau'in kifi da darajarsa da nauyin kowace dila da ranar kawowa, a kuma tsayar da ko farashin ya kafu a naira ne ko zai bi canji. Ka sa sharaɗin cewa za ka buɗe dila biyu ko uku da ka zaɓa da kanka, ka fasa kifi ka duba kusa da ƙashin baya, inda tsutsa da tsami suke ɓuya, kafin ka cika sauran kuɗin. Ka kuma tambaye shi farashin kawunan da ake kawowa daga Iceland, waɗanda galibi a cikin gini ake busar da su da zafin da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa; idan ya ce su ma sun tashi saboda ruwan Lofoten, ka nemi farashi daga wani mai shigo da kaya kafin ka sa hannu.