Dalilin da ya sa ba ma sa hannu a takardar ofis a ranar da ta zo

Ƙanena, tambayarka a kan hanya take. Ka ce abin yana ɗaure maka kai: mutane sun yi digiri, wasu har na biyu, da Turanci suke aiki safe da yamma, amma da zarar wurin aiki ya turo wa ɗayanmu wasiƙa a nan Manchesta sai ka ji ana cewa a kai wa wane ya duba. Turancin kam muna ji. Matsalar ita ce a ofisoshin ƙasar nan akwai wani salon magana da aka ƙera musamman don a faɗi abu ba tare da an ɗauki nauyin faɗarsa ba, kuma mai digiri ma yana iya faɗawa ciki.

In kamfani zai rage ma'aikata, ba za ka taɓa ganin kalmar kora a takarda ba. Za a ce ana sake fasali, ko ana daidaita girman kamfani da buƙatun kasuwa, ko an buɗe maka damar neman sabuwar makoma. In manaja ya ƙosa da kai, sai ya kira ka da fara'a ya ce za a ɗora ka kan wani shiri na inganta ƙwazo domin a tallafa maka. Sabon zuwa sai ya fito yana godiya, bai san sau da yawa matakin farko ke nan na tara hujjar sallamarsa ba. A wurin taro kuwa, in ka kawo shawara aka ce za a dawo kanta nan gaba, to ka yi mata sallama. Akwai kuma tarkacen da ba ya cutarwa sai dai cin lokaci: a yi tunani a wajen akwati, a fara tsinkar 'ya'yan itacen da ke kusa da ƙasa, a haɗa ƙarfi a samar da ƙima. Awa guda ana wannan, a tashi babu wanda ya san aikin da aka ba shi. Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce "mu nan iyali ɗaya ne", domin na ga an faɗa wa mutane ita a watan da aka sallame su.

Na san za ka ce mu ma ai ba ma faɗin magana gatsau. Gaskiya ne, muna da kunya da kara. In uba ya rasu ɗansa yana nesa, akan ce masa jikin Baba ya yi tsanani, ya kamo hanya. Amma duba: mai faɗa ya san abin da yake nufi, mai ji ma jikinsa ya ba shi, an sassauta maganar ne don a tausaya wa mai ji. Ta ofis an lanƙwasa ta ne don a kare mai faɗa, kuma amfaninta gare shi shi ne kada ka gane sai lokaci ya ƙure. Shi ya sa ba na yarda in an ce mini wai ladabi ne irin na Turawa.

Su kansu 'yan ƙasar abin ya dame su. Tun 1979 wata mata 'yar Libaful, Chrissie Maher, ta je dandalin da ke gaban majalisar dokoki a Landan ta yayyaga tarin fom-fom na gwamnati a bainar jama'a, ta kafa ƙungiyar fafutukar rubuta Turanci mai sauƙi, wadda ta shahara da ba da lambar kunya ga rubutu mafi sarƙaƙiya a shekara. A 2009 ƙungiyar ƙananan hukumomi ta fitar da jerin kalmomi 200 da ta ce ma'aikata su daina amfani da su. A Amurka har doka aka yi a 2010 cewa hukumomin tarayya su riƙa rubuta wa jama'a abin da za su fahimta.

To amma mu baƙi, hasarar tamu ta fi ta ɗan ƙasa nauyi. Da yawa cikinmu, masu aikin jinya da kula da tsofaffi da masu aikin kwamfuta, bizarsu a ɗaure take da wurin aikinsu. Ranar da aikin ya ƙare, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samu wani mai ɗaukar nauyinsa ko ya tattara iyalinsa ya bar ƙasar. Kuma doka ta ba ma'aikaci haƙƙoƙin da lallausar magana kan sa ya yi sakaci da su. Wanda ya shekara 2 a wuri yana da kuɗin sallama in an soke gurbinsa, amma in aka lallaɓe shi ya ajiye aiki da kansa, yawanci ya yi asararsu. In za a rage mutum 20 zuwa 99, dole a fara tuntuɓar wakilansu aƙalla kwana 30 kafin a sallami kowa, in sun kai 100 kuma kwana 45. Takardar sulhu da ake miƙo wa mutum don ya yafe zuwa kotu ba ta da ƙarfi sai ya samu shawarar lauya ko wani mai ba da shawara mai zaman kansa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a ja maka layi a ƙarƙashinsa a cikin wasiƙar.

Daga nan al'adar tamu ta samo asali, ba wanda ya zauna ya tsara ta. Bayan sallar Juma'a, ko a wurin suna, ko ta waya da dare, sai mutum ya ja wani da ya daɗe a ƙasar gefe ya nuna masa. Shi kuma ya karanta ya mayar masa da ita Hausa tsantsa: me suke so ka yi, zuwa yaushe, me zai faru in ba ka yi ba. In takardar ta kasa amsa waɗannan, sai a ce ya koma ya nemi a rubuto masa a fili ta imel. Muna matsa wa sababbin zuwa su shiga ƙungiyar ƙwadago tun a watan farko, mu nuna musu Acas da Citizens Advice, inda ake ba da shawara kyauta. Kuma abin yana zama tsakanin mutum biyu, domin rasa aiki ba labarin da ake yaɗawa ba ne.

Kada ka ɗauka cutar tana nan kaɗai. In na kunna rediyon gida ina jin ta cikin Hausa: masu ruwa da tsaki sun jaddada ƙudirinsu na samar da ci gaba mai ɗorewa. An tara manoma a otal a Kano, an yi musu wannan tun hantsi har la'asar, sun koma ƙauye ba su ji ranar da taki zai iso ba, balle kuɗin buhu.