Kwana tara kunnena yana ƙara bayan atisayen kiɗa

Tambaya: Malam, ni matashi ne a Bukoki, nan Yamai. Ni da abokaina muna kaɗa jita irin ta ƙungiyoyin kiɗan nan Earth da Sunn O))), sauti ɗaya mai kauri mu ja shi har minti goma. Yau kwana tara kunnena na hagu yana "ziii" dare da rana. Inna ta ce kiɗan ne ya jawo mini iska, wani mai magani kuma ya ba ni mai in riƙa ɗigawa. Tsoro nake ji. In ɗiga?

Amsa: Kada ka ɗiga, ƙanena, ko ɗigo ɗaya.

Ka kwantar wa Inna da hankali, babu aljani cikin jan sauti. Mai algaita ma haka yake cika kumatu ya riƙe busa ba yankewa. Su Sunn O))) ɗin, da suka haɗu a Siyatil ta Amurka a 1998, sunan wata amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, suka ara, kuma a 2009 har tsohon mabushin jaz Julian Priester suka gayyato ya yi musu busa. Mawaƙa ne masu neman sauti. Sai dai an gina kiɗan nan kan ƙarfin ƙara, kuma sautin da ba ya yankewa ba ya barin kunne ya huta. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara: a desibel 85 kunne yana jure awa 8. Duk ƙarin 3, lokacin ya ragu da rabi, kafin a kai 100 saura minti 15 kacal. Ɗakin siminti mai rufin kwano, ƙofa a rufe, an mure amfilifaya, ai wuce 100 ba wuya. Kuma kaurin sauti yana ruɗi: a ƙirji kake jin shi, ba ya sukar kunne, sai ka ɗauka lafiya lau.

Abin da ke ci mini rai shi ne maganar ɗiga mai. Shekaru ina haɗa sauti a bukukuwa, kullum sai na ji ta: wai datti ne, wai iska ce, a zuba ruwan albasa, a zuba mai mai ɗumi. Ɓarnar tana can ciki, bayan tantanin kunne, inda wasu ƴan siraran gashi ke karɓar sauti, kuma wanda ya mutu cikinsu ba ya sake tsirowa. Man da ka ɗiga iyakarsa tantanin kunne. Ta ina zai kai can? In ma tantanin ya huje, ka buɗe wa ruwa da mugunya hanya. Akwai wani yaro mai ɗaukar mana lasifika, wata biyu yana ɗiga abin da ya saya a kasuwa. Yanzu in ka yi masa magana sai ya juyo da kunnen dama yana kallon bakinka. Wanda ya sayar masa kuwa yana nan da lasifikarsa, kwalba ɗaya wai ta basir ce, ta haƙori ce, ta kunne ce. Wa ya ba shi izinin taɓa kunnen ɗan mutane?

Ka dakatar da atisaye, ka je wurin likitan kunne cikin satin nan a auna jinka. In ka lura jin kunnen hagun ya ragu farat ɗaya, gobe da safe za ka je, domin irin wannan kwanaki ake ƙirgawa. In ka koma kiɗa, ka sayi matoshin kunne na soso a farmasi, auduga ba ta tare abin kirki, kuma ka daina tsayawa daf da bakin lasifika. Girgizar nan da kake so a ƙirji za ka ci gaba da jin ta ko da kunne a toshe.